Darasi na 27: Mai shayi, yaronsa da agogon kwamfuta

1. Karatu

Falanko tana cikin ƙasar Damargu, a gundumar Tanut, jihar Damagaram. Mutanenta manoma ne da makiyaya. Suna noma hatsi da dawa da wake. Suna kiwon awaki da tumaki da shanu da raƙuma.

Mu ɗauki wata lakwal a can. An kawo mata kwamfuta guda ɗaya. Farantin hasken rana ke ba ta wuta. Yara 40 ne a cikin aji. Kowa yana son ya taɓa ta. Sai malam ya yi rabo: kowane yaro minti 5, yara 8 a rana, daga Litinin zuwa Jumma'a. Kafin mako ya ƙare, kowa ya samu nasa.

Tun ranar farko gardama ta tashi. Babban yaro ya zauna, ya ƙi tashi. Ya ce lokacinsa bai cika ba. Ƙaramar yarinya ta zauna, aka ce mata ta tashi tun ba ta rubuta sunanta ba. Ta koma wurinta tana kuka. Malam ba ya iya koyarwa yana kallon agogo.

Malam ya ce: "Yara, alƙali muke bukata, wanda ba ya tsoron babba, ba ya raina ƙarami."

Suka ce: "Wane ne, Malam?"

Ya ce: "Kwamfutar da kanta. Za mu koya mata ƙidaya. Ta fara daga sakan 300, ta riƙa rage ɗaya kowane sakan. In ta kai sifili, ta buga ƙararrawa."

Aikin yana da kamar sauƙi. Amma a cikinsa akwai tambaya mai girma: ta yaya ake sa kwamfuta ta yi abu guda, ta sake yi, ta sake yi, kowane sakan, ba tare da ta daina sauraron mai aiki da ita ba? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na yau.

2. Taga da maɓalli

Manhaja jerin umurni ce da mutum ke rubuta wa kwamfuta. Kwamfuta tana bin umurnin ɗaya bayan ɗaya.

A da, rubutu kaɗai ake yi wa kwamfuta, ita ma ta amsa da rubutu. A shekarar 1968 wani masani ɗan Amurka, Douglas Engelbart, ya nuna wa jama'a linzamin kwamfuta. A 1973 kamfanin Xerox ya ƙera kwamfutar Alto, wadda ake sarrafawa da linzami. A 1984 Macintosh ta shiga kasuwa, a 1985 kuma Windows. Tun daga nan mutane suka saba da taga da maɓalli.

Taga fili ce mai kusurwa huɗu a fuskar kwamfuta. A cikinta ake ganin rubutu da hotuna da maɓallai. Ka latsa maɓalli, abu ya faru. Ka ja tagar, ta bi hannunka. Salula ma haka take, sai dai yatsa ne a madadin linzami.

Mu da harshen Python za mu rubuta manhajarmu. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ya fito da shi a 1991. Tare da Python akwai kayan gina taga, sunansu Tkinter. An gina su bisa Tk, wanda John Ousterhout ya ƙirƙira a jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley. Kyauta ake samun su duka.

Kalmomin Python na Ingilishi ne. Amma sunayen da muke raɗa wa abubuwanmu, da Hausa za mu raɗa su.

3. Gwaji na fari: barci

Wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce: "Malam, na gane. A rubuta lamba, a jira sakan ɗaya, a rubuta ta gaba."

Malam ya ce: "To, mu gwada."

Ga abin da suka rubuta:

    import tkinter, time
    taga = tkinter.Tk()
    rubutu = tkinter.Label(taga, font=("Arial", 60))
    rubutu.pack()
    for saura in range(300, 0, -1):
        rubutu.config(text=saura)
        time.sleep(1)
    taga.mainloop()

Layuka huɗu na fari sun gina taga da wurin rubutu. Layi na biyar yana ƙidaya daga 300 zuwa 1. Kalmar sleep ma'anarta barci. Tana sa manhaja ta yi barcin sakan ɗaya.

Suka tada manhajar. Shiru. Ba taga, ba lamba. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Sai da minti 5 ya cika taga ta fito, da lamba 1 a cikinta. Ba wanda ya ga 300, ba wanda ya ga 299.

Suka canza dabara. Suka sa maɓalli, suka ɗaura masa ƙidayar. Wannan karon taga ta fito. Amma da aka latsa maɓallin, sai ta sandare. Lamba ba ta motsi. An latsa wurin rufewa, ba ta rufu ba. Windows tana haƙuri da taga kamar sakan 5. In ba ta amsa ba, sai ta rubuta a kanta da Faransanci: "Ne répond pas", wato ba ta amsawa.

Yaran suka ce: "Malam, ta lalace!"

Malam ya ce: "Lafiyarta lau. Mu muka ce ta yi barci, ta kuwa yi. Gobe kasuwa. Kowa ya je ya tsaya kusa da mai shayi, ya lura da aikinsa. Jibi mu yi magana."

4. Mai shayi da yaronsa

Ranar kasuwa mai shayi yana zaune bayan teburinsa. Ga burodi, ga madara, ga sukari, ga kofuna. Mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan manomi ne, shayi da burodi yake so. Wancan makiyayi ne, ya sayar da akuya, yana son mai madara. Wani canji kawai yake nema. Mai shayi yana sallamar su bi da bi. In ba kowa, sai ya zauna yana duban hanya.

Bayansa akwai tukunyar ruwa bisa wuta. Dole ya riƙa duba ta. In ya manta, wuta ta mutu, ko ruwa ya ƙone.

Yana da hanya biyu. Ta fari: ya juya baya, ya tsura wa tukunya ido har minti 5 ya cika. Masu saye su yi ta sallama, ba amsa. Su gaji, su tafi teburin gaba. Wannan ita ce hanyar barci.

Ta biyu: ya kira yaronsa, ya ba shi agogo, ya ce: "Kai yaro, in minti 5 ya yi, ka ce mini in duba wuta." Sa'annan ya ci gaba da ciniki. Lokaci na cika, yaro ya zo ya ce: "Maigida, wuta." Ya duba, ya ƙara gawayi. Kafin ya koma ga tebur, ya sake cewa: "Bayan minti 5 ka ƙara kira na."

Ku lura da abu huɗu game da wannan yaro.

Na ɗaya, ba shi ke duba wutar ba. Tuni kawai yake yi. Maigida ke yin aikin.

Na biyu, saƙo ɗaya, kira ɗaya. In maigida bai sabunta saƙo ba, yaro ba ya sake zuwa.

Na uku, ba ya zuwa kafin lokaci.

Na huɗu, yana da ladabi. In ya tarar da maigida yana ƙirga canji, ba ya katse shi. Sai ya tsaya har a gama.

Manhaja mai taga kamar mai shayi take. Layin ƙarshe na manhajarmu, taga.mainloop(), shi ne zaman bayan tebur. Muna kiransa zagayen saurare. Manhaja tana duba layin masu jira. In akwai wani, ta sallame shi, ta sake dubawa. Latsa maɓalli mai jira ne. Motsa linzami mai jira ne. Har zana sabuwar lamba a taga, shi ma layi yake bi. Ɗaya bayan ɗaya take sallamar su, don taura biyu ba ta taunuwa.

Yanzu mun gane abin da ya faru a gwajin fari. Mun ce a rubuta 300, sai aikin zanen ya shiga layi. Amma manhaja ba ta koma ga tebur ba, barci ta yi. Ta farka, ta karɓi 299, ta koma barci. Sai da ƙidaya ta ƙare ta kai ga zagayen saurare. Lokacin nan lamba 1 kaɗai ta rage.

5. Gwaji na biyu: saƙo

Tkinter yana da yaron aike. Sunansa after, ma'ana bayan. Abu biyu ake ba shi: tsawon jira, da sunan aikin da za a kira.

Da milisakan ake faɗin tsawon jira. Milisakan kashi ɗaya ne cikin 1000 na sakan. Sakan ɗaya milisakan 1000 ne. Rabin sakan 500 ne. Minti ɗaya 60000 ne.

Ga sabuwar manhajar:

    import tkinter
    taga = tkinter.Tk()
    rubutu = tkinter.Label(taga, font=("Arial", 60))
    rubutu.pack()
    saura = 300

    def buga():
        global saura
        rubutu.config(text=saura)
        if saura > 0:
            saura = saura - 1
            taga.after(1000, buga)
        else:
            taga.bell()

    buga()
    taga.mainloop()

Mu bi ta sannu a hankali.

Kalmar def tana raɗa wa aiki suna. Mun raɗa wa namu buga. Layukan da aka tura ciki, su ne jikin aikin. Kalmar global tana nufin saura ɗin nan na waje muke taɓawa, ba wani sabo ba.

Aikin yana rubuta lambar da ta rage. In ta fi sifili, ya rage ɗaya, ya bar saƙo: bayan milisakan 1000 a kira buga. Shi ke nan, aiki ya ƙare. Bai jira ba. Manhaja ta koma ga tebur, ta zana lamba, ta saurari linzami.

Sakan ɗaya na cika, aka kira buga. Ya rubuta 299, ya sake barin saƙo. Kowane kira yana haifar da na gaba, kamar zoben sarƙa. Da aka kai sifili, ba a bar saƙo ba. Kalmar bell ta buga ƙararrawa, sarƙa ta tsinke.

Kada ku manta da layin buga() da ke ƙasa, kafin zagayen saurare. Shi ne zoben fari. In babu shi, ba abin da zai tashi.

Yara suka tada manhajar. Taga ta fito nan take: 300, 299, 298. Aka ja ta gefe, ta bi, lambobi na ta sauka. Aji ya ɗauki tafi.

6. Ramuka uku a kan hanya

Ramin fari: baka biyu. Wata yarinya ta kwafi manhajar, amma ta rubuta taga.after(1000, buga()). Ta ƙara baka biyu bayan sunan. Tana tada ta, ƙararrawa ta buga. Ƙidaya ta ƙare cikin ƙiftawar ido, taga kuma ta ƙi fitowa.

Ga dalili. In an rubuta buga, suna ne kawai. In an rubuta buga(), umurni ne: yi shi yanzu. Sai buga ya kira kansa nan take, sau 300 a jere. Yaron aike kuwa lamba kaɗai ta isa hannunsa, babu sunan aiki. In aka yi wa after haka, barci yake sa manhaja, daidai da sleep. Saboda haka suna ake ba yaro, ba tare da baka ba.

Rami na biyu: latsawa sau biyu. Malam ya ƙara maɓalli mai suna Fara, don kowane yaro ya tada ƙidayarsa. Kwana biyu lafiya. Rana ta uku ƙaramar yarinyar nan ta ce: "Malam, nawa lokacin gudu yake." Malam ya duba da agogon hannunsa. Gaskiyarta. Minti 2 da rabi aka ba ta.

Ashe babban yaron ne ya gano wani abu. In wani ya zauna, sai ya miƙa hannu ya latsa Fara sau biyu. Latsawa ɗaya, sarƙa ɗaya. Latsawa biyu, sarƙa biyu. Kowace tana rage ɗaya a sakan. Sakan 300 sai su ƙare cikin 150. Kamar mai shayi ne ya aiki yara biyu da saƙo guda, kowanne yana zuwa yana cewa a ƙara gawayi.

Laifin yaron a fili yake, malam ya tsawata masa. Amma manhajar ma tana da nata, tun da ta bar ƙofa a buɗe. Ga magani. Duk lokacin da aka bar saƙo, after yana mayar da shaida, kamar takardar da ake ba ka in ka ba da ajiya. Mu adana shaidar. Kafin mu tada sabuwar ƙidaya, mu miƙa ta ga after_cancel, ya soke tsohon saƙo. Ta haka sarƙa ɗaya kaɗai za ta kasance ko yaushe.

Rami na uku: jinkiri. Ku tuna, yaron aike ba ya zuwa kafin lokaci, amma yana iya makara. In manhaja tana wani aiki, sai ya jira. Shi kansa buga yana cin ɗan lokaci kafin ya bar sabon saƙo. Saboda haka tsakanin kira da kira ba 1000 ba ne cif. Da ɗan ƙari a kai.

Mu yi lissafi. Mu ɗauka ƙarin milisakan 10 ne a kowane kira. Kira 300 sau 10, milisakan 3000 ke nan, wato sakan 3. Yara 40 sau sakan 3, sakan 120 ke nan, wato minti 2 a mako. In agogon bango muka gina da wannan hanya, a awa ɗaya zai makara da sakan 36. A kwana ɗaya ya makara da sakan 864, fiye da minti 14. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Wannan ya koya mana wani abu kuma. Aikin da ake kira ya zama gajere. In buga ya tsaya yin dogon lissafi, taga za ta sandare kamar yadda ta yi da barci. Mai shayi ya duba wuta ya dawo. Kada ya tafi daji neman itace ya bar tebur.

7. Agogon gaskiya

Maganin jinkiri shi ne a daina ƙirga zuwan yaro. A duba agogo.

Ina kwamfuta ke samun lokaci? A cikinta akwai ɗan ƙaramin dutse mai suna kwarzi. In wuta ta ratsa shi, sai ya yi ta karkarwa, ba ya sauri, ba ya nawa. Na cikin agogon hannu yana karkarwa sau 32768 a sakan ɗaya. A raba wannan lamba biyu, a sake raba ta biyu, har sau 15, sai a samu 1. Haka agogo ke fitar da sakan. Kwamfuta tana da irin wannan dutse, da ɗan batir mai kama da kwabo. Shi ya sa ba ta manta kwanan wata ko an kashe ta. Tana kuma da wasu ma'aunai da suka fi shi sauri, don lokacin da take aiki.

Python yana da hanyoyin tambayar lokaci. Ɗaya ita ce time.time(), mai ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairu 1970. Amma in wani ya canza agogon kwamfuta, ita ma sai ta canza. Wata ita ce time.monotonic(), wadda ta shigo Python a 2012. Ita gaba kawai take yi. Canza kwanan wata ba ya taɓa ta. Tun da alƙali muke ginawa, ita za mu ɗauka.

Ga dabarar. In an latsa Fara, mu rubuta lokacin ƙarewa: yanzu, a tara da 300. Duk kiran da aka yi, mu ɗebe yanzu daga lokacin ƙarewa. Abin da ya rage shi za mu nuna. Ko yaro ya makara, lissafi bai ɓaci ba.

    import tkinter, time
    taga = tkinter.Tk()
    rubutu = tkinter.Label(taga, text=300, font=("Arial", 60))
    rubutu.pack()
    shaida = None
    karshe = 0

    def buga():
        global shaida
        saura = karshe - time.monotonic()
        if saura > 0:
            rubutu.config(text=round(saura))
            shaida = taga.after(200, buga)
        else:
            rubutu.config(text=0)
            shaida = None
            taga.bell()

    def tsaya():
        global shaida
        if shaida is not None:
            taga.after_cancel(shaida)
            shaida = None

    def fara():
        global karshe
        tsaya()
        karshe = time.monotonic() + 300
        buga()

    tkinter.Button(taga, text="Fara", command=fara).pack()
    tkinter.Button(taga, text="Tsaya", command=tsaya).pack()
    taga.mainloop()

Kalmar None tana nufin babu. In shaida babu ce, to ba saƙon da ke jira. Kalmar round tana cike lamba, ta zubar da ɓurɓushin sakan.

Ku dubi aikin fara. Abu na fari da yake yi shi ne kiran tsaya. Ko an latsa sau goma, tsohon saƙo yana mutuwa kafin a haifi sabo.

Ku dubi lambar 200. Yanzu sau 5 ake kiran buga a sakan ɗaya. Wannan bai sa ƙidaya gudu ba, don ba kira muke ƙirgawa ba. Yana dai sa lamba ta canza a kan kari. Amma kada a yi zari. In aka sa milisakan 1, kwamfuta za ta yi ta wahalar banza, batir ya yi saurin ƙarewa. Galibin fuskokin kwamfuta sau 60 suke sabunta hoto a sakan. Abin da ya fi haka sauri, ba za a gan shi ba. Lakwal mai dogara ga hasken rana ba ta da wutar zubarwa.

Ku dubi maɓallan kuma. An rubuta command=fara, babu baka. Nan ma suna muka bayar, don a kira shi in an latsa.

Ranar Litinin aka ajiye ƴar tagar a kusurwar fuskar kwamfuta. Babban yaro ya zauna, ƙararrawa ta buga, ya tashi. Ƙaramar yarinya ta zauna. Ta rubuta sunanta, da na mahaifinta, da na garinsu. Ta duba taga, saura sakan 40.

8. A wasu harsuna

Ba Python kaɗai ke da yaron aike ba. Shafukan intanet da harshen JavaScript suke motsi. Brendan Eich ya ƙirƙira shi a 1995. A can akwai yara biyu. Na fari, setTimeout, kira ɗaya yake yi, kamar after. Na biyu, setInterval, sau ɗaya ake ba shi saƙo, ya yi ta zuwa da kansa, har sai an sallame shi da clearInterval. A kayan gina taga na Qt, sunan yaron QTimer.

Sunaye sun bambanta, ƙa'ida ɗaya ce. Ku duba salular gidanku. Ɗan sandan nan mai ƙiftawa a wurin rubuta saƙo, da lambobin da ke hawa lokacin da ake waya, duk aikin yaron aike ne.

Abin riƙewa

Manhaja mai taga ba ta barci. Tana zaune a zagayen saurare.
In muna son a maimaita aiki, saƙo muke bari da after.
Saƙo ɗaya, kira ɗaya. Aikin da aka kira shi ke sabunta saƙo.
Suna ake bayarwa, ba tare da baka ba.
A adana shaida, a soke tsohon saƙo kafin a bar sabo.
A auna lokaci da agogo, ba da yawan kira ba.

Kalmomi da Faransanci

kwamfuta: ordinateur
manhaja: programme
taga: fenêtre
maɓalli: bouton
linzami: souris
aiki mai suna: fonction
zagayen saurare: boucle d'événements
yaron aike: minuterie
baka biyu: parenthèses
kwarzi: quartz

Tambayoyi

1. Me ya kawo gardama a cikin aji?
2. Me ya sa taga ba ta fito ba a gwajin fari?
3. Faɗi abu huɗu da muka lura da su game da yaron mai shayi.
4. Mene ne bambancin buga da buga()?
5. In an latsa Fara sau uku a tsohuwar manhajar, cikin sakan nawa ƙidaya za ta ƙare?
6. Don me muka zaɓi time.monotonic()?

Aiki

1. Milisakan nawa ne a sakan 7? A minti 3?
2. Raba 32768 biyu, ka ci gaba da rabawa. Rubuta kowane sakamako cikin kayenka. Sau nawa ka raba kafin ka kai 1?
3. Wani agogo yana makara da milisakan 4 a kowane sakan. Da sakan nawa zai makara a awa 5?
4. Wasa a filin lakwal: yaro ɗaya mai shayi, ɗaya yaron aike, biyar masu saye. Ku fara da hanyar barci, sa'annan hanyar saƙo. A wace hanya aka fi sallamar mutane?
5. Idan ƙaramin yaro yana zawo, ana ba shi ruwan gishiri da sukari na likita kaɗan-kaɗan. Wanda bai kai shekara 2 ba, cokali ɗaya ake ba shi kowane minti 1 zuwa 2. In ya yi amai, a jira minti 10, a ci gaba a hankali. Rubuta manhajar da za ta riƙa buga ƙararrawa kowane minti 2 don tuna wa uwa. Sa mata maɓalli mai suna Amai, wanda zai soke saƙon da ke jira, ya bar sabo na minti 10. Wace lamba za ka ba after a kowane wuri?